Yadda Baballe Ya Raba Kwalekwalensa da Gansakuka

Duk wanda ya yi noman tumatir a yammacin Kura a farkon shekarun tamanin ya san Baballe mai fito. Ko bai san shi da ido ba ya san muryarsa, don mutum ne da in yana magana a wannan gaɓar kogi sai na waccan gaɓar su amsa. Gajere ne kakkaura, mai sanƙo, ga wani ɗan tari da yake yi kafin ya soma kowane zance kamar mai neman izini. Tarin nan daga Ikko ya zo da shi.

Tun yana saurayi ya bi motar shanu ya yi kudu. Ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya samu aiki a Apapa, a wurin da ake janyo jiragen ruwa kan tudu a yi musu gyara. Aikinsa shi ne shiga ƙarƙashin jirgi da ƙarfen kankara. In jirgi ya daɗe a teku, wasu 'yan halittu masu ɓawo kamar dodon koɗi sukan manne a cikinsa, ciyawar teku ta bi bayansu, har jirgin ya yi nauyi ya riƙa shan mai ba gudu. Su Baballe ne za su kankare wannan duka, sannan su shafe ƙarfen da wani jan fenti mai ɗan karen wari. Dafi ne a cikin fentin, duk abin da ya zo mannewa sai ya mutu. Baballe ya sha wannan wari har ƙirjinsa ya soma ƙara, matarsa Barira ta ce ita dai ba ta bi miji Ikko don ta koma gida da takaba ba. Ana cikin haka labari ya riƙa zuwa cewa ruwan madatsar Tiga ya shigo ƙasarsu, har da rani ana shuka alkama da tumatir. Suka ɗaure kayansu suka taho. Cikin kayan akwai rediyo, da gadon ƙarfe, da gwangwani guda na jan fentin nan da shugaban aikinsu ya ba shi na sallama.

Noma bai karɓe shi ba. In ya sunkuya a kan kunya tari ya taso, in ana feshin magani kuwa sai ya bar gonar gaba ɗaya. Ya bar wa ƙanensa gonar, ya koma zaman bakin kogi yana kallon ruwa. A da, rani na yi kogin nan yake zama yashi, a bi da ƙafa a haye. Amma tun da aka datse shi ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan, sai ya daina ƙafewa. Mutanen ɓangaren Madobi masu zuwa ƙwadago da masu kawo kaya sai sun yi doguwar kewaya kafin su kai titi. Baballe ya tafi wajen masuntan Tiga ya sayo tsohon kwalekwale, aka ɗoro shi a tirakta har mashigin ƙauyensu, ya yanko gora doguwa ya soma fito.

Sana'a ta karɓu. Da sassafe ya hayo da 'yan ƙwadago, da hantsi ya hayo da kwandunan tumatir, da yamma ya mayar da kowa. Yana tuƙi yana ba da labarin jiragen Apapa, wani jirgin ya fi kasuwar Kura tsawo, wani kuma in ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi. Ba duka ake yarda ba, amma ana son ji.

Sai dai kwalekwalen da ba ya fita ruwa rani da damina shi ma yana da tasa cutar. Gansakuka ta kama cikinsa, kore shar, ta yi dogon gashi kamar gemun bunsuru. Dodon koɗi suka zo suka yi gida a cikinta. Jirgin da a da tura ɗaya ke kai shi tsakiyar ruwa ya koma sai Baballe ya yi nishi ya sake nishi. Ya kan janyo shi tudu ya kife, ya wuni yana kankara, kafin wata ya zagayo gemun ya dawo.

Wanda ya fi kowa ƙorafi shi ne Alhaji Sammani, dillalin tumatir, mutum mai babbar riga da babban tumbi, wanda kullum motarsa ke jira a bakin titi.

"Baballe, wannan jirgi ne ko kunkuru?" in ji shi wata rana. "Kafin mu haye tumatirina ya zama miya."

Maganar ta sosa wa Baballe rai. Ya koma gida ya janyo gwangwanin nan daga ƙarƙashin gado. Barira na ganinsa ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Malam, abin da ya koro mu daga Ikko shi za ka buɗe mana a tsakar gida?"

"Shafa ɗaya ce, Barira. Jirgin da ya fi garin nan girma ma wannan ke tsare shi, balle ɗan itacena."

Ya shafe cikin kwalekwalen ya yi ja wur, ya bar shi ya sha iska, sannan ya tura shi wani ɗan lungu da ruwa ke kwanciya a gefen mashigi ya ɗaure. A wannan lungun agwagin Barira ke wanka. Nan ne kuma mashayar shanun Hamma Gidaɗo, wani Bafulatani da ya daɗe da kafa rugarsa a hayin kogin, yana noma gero yana kiwo. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma tun zuwan Baballe suka ƙulla abota a kan goro da rediyo.

Ba a daɗe ba, wata safiya Baballe ya iso mashigi ya tarar da Gidaɗo tsaye, ya rataya hannuwa a kan sandarsa. Shanu sun yi cirko-cirko, sun sunsuna ruwan sun ja da baya. A gefen jan jirgin kuwa ga 'yan ƙananan karfasa sun juya farin cikinsu sama, suna yawo a kan ruwa.

"Sarkin ruwa," in ji Gidaɗo a hankali, "gansakukarka dai ta mutu. Saura mu."

Baballe ya tsaya ya kasa ko tarin. A teku bai taɓa ganin abin da fentin ke yi ba, don teku na da faɗi, kuma shi kansa na ƙarƙashin jirgi. Nan kuwa ruwan da yara ke iyo ne, ruwan da ke bi ta gonaki. Ya kama igiyar jirgin. Gidaɗo ya ajiye sanda ya kama masa, suka ja jirgin can nesa kan tudu. Baballe ya kankare fentin tas har sai da farin itace ya fito, ya tattara ɓarɓashin ya zuba a gwangwanin, ya toshe bakin da kwalta, ya haƙa rami mai zurfi a kan wani fako da ruwa ba ya zuwa ya binne. Agwagwa ɗaya ta Barira ta yi kwanaki tana layi kamar mashayi, ta dai warware. Amma fa ya sha magana a gida, har sai da ya sayo wa Barira sabon kallabi kafin tuwo ya koma yadda yake.

Gansakuka ta dawo abinta, Alhaji Sammani ya ci gaba da ƙorafi. Abin da ya sauya tunanin Baballe kuwa wata langa ce, irin kwanon nan mai sulɓi da ake zuba miya. Ta suɓuce wa Barira a wurin wanke-wanke a bakin kogi ta nutse, aka nema aka rasa. Bayan an rage sakin ruwa sai ga ta a cikin taɓo, ta yi kore kamar ganye. Barira ta sa yatsa ɗaya ta share, koren ya zame gaba ɗaya, langa ta fito fes. Baballe na gefe yana fama da ƙarfen kankara, gumi na bin sanƙonsa.

"Kin ga ikon Allah," ya ce. "Ni tun safe nake yaƙi, ke yatsa ɗaya."

"To ai ita langa ba ta da wurin kamawa, Malam. Itacenka kuwa duk kaushi ne, kamar faso. Ka daina neman kashe ta mana, ka hana ta wurin riƙewa."

Ya ajiye ƙarfen ya karɓi langar yana juya ta. Daga ranar Baballe ya shiga neman abin da zai mayar da cikin jirginsa langa, kuma ƙauye ya samu abin dariyar da ya ishe shi har kaka.

Da ƙaro ya fara, irin wanda ake sa wa tawada. Ya jiƙa ya shafa, ya bushe yana ƙyalli, Baballe ya kira mutane su zo su gani. Jirgi na shiga ruwa ƙaro ya narke ya bi kogi. Ya koma man gyaɗa da toka, wannan kuma tururuwa suka yi masa taron suna tun jirgin na kan tudu. Sai man kaɗanya. Ya saye na wata tsohuwa kaf a kasuwar Bunkure, ya kife jirgin ya lafta masa, ya tafi sallar azahar. Kafin ya dawo awakin unguwa sun kewaye jirgin suna lasa, wani bunsuru har ya hau kai yana zamewa yana sake hawa. Ya kore su ya sake shafawa, kuma don ragowar kada ta lalace, sai ya goga a bakin jirgin da wurin taka ƙafa.

Washegari Alhaji Sammani ne farkon shiga. Ya tattare babbar riga, ya ce bismillah, ya ɗora ƙafa. Ƙafar ta yi gaba ta bar shi. Ya zauna daɓas a cikin kwandon tumatir, kwandon ya karɓe shi har ƙugu. 'Yan ƙwadago suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Baballe ya yi tari, ya sake tari, dariyar ta ƙi ɓoyuwa.

"Sannu Alhaji. Wallahi ba da kai na yi ba, da gansakuka na yi."

"To ni na yi maka kama da gansakuka?" in ji Alhaji, yana miƙa hannu a ciro shi. Da ya miƙe ya dubi bayan rigarsa, shi ma sai ya fashe da dariya, ya ce wannan kwandon dai Baballe ya saya. Daga ranar sunan Baballe Santsi ya bi shi, har yara na kiransa da shi a gabansa yana amsawa.

Man kaɗanyar ya yi ɗan aiki, don inda ya zauna gansakuka ba ta kama sosai ba. Matsalarsa ba ya zama, ruwa na wanke shi. Baballe ya kai kukansa wurin Gidaɗo suna cin goro a gindin wata tsamiya. Gidaɗo ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce Iyatu, matarsa, in ƙwaryar nononta ta tsage, da kakin zuma take liƙewa, kuma bai taɓa ganin nono ya narkar da shi ba. Ya ce akwai kuma ƙaron maje, wanda mata ke turare da shi, shi ba irin na tawada ba ne, ko ya kwana a ruwa yana nan da taurinsa. Ya san inda itatuwan suke a hanyar da suke bi da shanu wajen kudu.

Bayan 'yan makonni Gidaɗo ya dawo da ƙunshi biyu a jakar fata, na kaki da na ƙaro. Barira ta hana tukunyarta, sai da Baballe ya sayo tasa. Ya hura wuta a bakin kogi, ya narka kakin, ya daka ƙaron ya zuba, ya ƙara man kaɗanya don kada ya yi tauri ya tsattsage. Ƙamshi ya tashi, mai daɗi kamar ɗakin amarya. Abin da bai lissafa ba shi ne ƙudan zuma. Ƙamshin kaki ya kira su daga ko'ina, suka sauko a kan tukunya, suka sauko a kan mai tukunya. Aka ga Baballe ya yar da muciya ya faɗa kogi da rigarsa, sanƙonsa kaɗai ke leƙowa. Gidaɗo kuwa ko gezau bai yi ba, ya tara ɗanyen ganye a kan wutar, hayaƙi ya kore su, ya ci gaba da juya tukunyar har mai ita ya fito da kumburarren kunne.

Haɗin farko ya yi tauri ya ɓare kamar ɓawon rogo. Na biyu ya yi ruwa. Barira ce ta karɓi muciyar daga ƙarshe, ta ce wanda bai taɓa haɗa alewa ba ba zai gane lokacin da abu ya ƙulla ba. Takan ɗiga kaɗan a ruwan sanyi ta murza da yatsu, in ya lanƙwasu bai karye ba ta ce a sauke. Shi kuma Baballe ya gano nasa ɓangaren. Sai an goge itacen da yashi mai laushi har kaushin ya kwanta, a bar jirgin a rana ya yi zafi, a shafa haɗin da ɗuminsa don itacen ya sha, sannan a bi da dutsen guga ana murzawa har mutum ya ga inuwar fuskarsa.

Ranar da aka mayar da jirgin ruwa, tura ɗaya Baballe ya yi ya kusa faɗuwa ta baya, don jirgin ya wuce ya bar gorar. Ya ɗaure shi a lungun nan na mashaya da gangan, ya zauna yana kallo. Shanun Gidaɗo suka zo suka sha suka ƙoshi. 'Yan kifaye suka riƙa kewaya cikin jirgin suna wasa. Gansakuka ba ta daina zuwa ba, takan ɗan yi kore-kore, amma ba ta samun gindin zama. Rabi gudun jirgin ke zubar da ita, sauran kuma ranar Juma'a da safe Baballe kan shiga ruwa iya ƙugu da tsumma ya share, yana waƙa. Dodon koɗi in ya hau sai ya zame. Sau biyu a shekara yake sabunta shafin, kafin damina da bayan kaka.

Alhaji Sammani ne ya kai labarin gaba, don duk inda ya sauke kaya sai ya ba da labarin faɗuwarsa, ya ƙare da cewa amma fa yanzu jirgin kamar kifi. Masunta suka soma zuwa daga Tiga da Bagauda suna tambayar maganin Santsi. Baballe ba ya ɓoye yadda ake yi, ya kan zaunar da mutum ya yi masa bayani har ya gaji, sai dai yawancinsu sun fi son su saya a haɗe. Nan Barira ta samu sana'a, tana dafawa tana zubawa a gwangwanayen madara, Iyatu na kawo mata kaki da ƙaro. Wani mai kula da ƙofofin ƙarfe na kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, shi ma ya zo ya karɓi gwangwani ɗaya ya gwada a kan ƙarfe. Ya dawo ya ce bai zauna ba, ya saɓule kamar riga. Baballe ya ce to, shi dai na itace ya sani, na ƙarfe sai a jira masu ilimin abin su gano nasu, Allah ya sa dai su gano wanda ba ya kashe kifi.

Daminar tamanin da takwas ta zo da ruwa mai yawa. Kogi ya cika ya fantsama, ya kewaye tudun da rugar Gidaɗo take, ya mayar da ita tsibiri. Manyan shanu suna iya iyo, amma 'yan maruƙa da tumaki da yara ba su iyawa, ga ruwa na ta hauhawa. Baballe ya ji ihu daga hayi da hantsi, ya kwance jirgi. Ranar bai ba da labarin Apapa ba. Ya yi ta kai da kawowa, ya kwaso yara da tsofaffi, ya kwaso Iyatu rungume da ƙorenta, ya koma ya kwaso maruƙa an ɗaure musu ƙafafu suna kuka, iyayensu na biye da jirgin a ruwa hanci sama. Wasu masunta biyu da suka zo sayen haɗi suka sa nasu jirgin suka taya shi. Kafin la'asar babu abin da ya rage a tudun sai bukkoki. Gidaɗo ne ya hayo a ƙarshe, riƙe da wutsiyar babban bijiminsa.

Mutanen rugar suka zauna a ƙauyen har ruwa ya janye, Iyatu da yaranta a ɗakin Barira, Gidaɗo a zaure tare da rediyo. Da za su koma, Gidaɗo ya jawo wata 'yar karsana ja mai farin goshi ya miƙa wa Baballe igiyar.

"Hamma, me zan yi da saniya? Ni ko akuya ban iya ɗaurewa ba."

"Ka koya."

Ya gwada kuwa. Karsanar ta cinye shanyar kuɓewar Barira, ta tsinke igiya ta shiga albasar maƙwabci, ta bi Baballe har mashigi tana neman shiga jirgi tare da fasinja. Da abin ya ishe shi sai ya sa ta a gaba, ya haye da ita, ya mayar wa Gidaɗo ya ce a riƙe masa amana, shi ya yafe kiwo. Gidaɗo ya karɓa yana murmushi. A garkensa ta girma, ta yi ta haihuwa, kuma duk wanda ya tambaya sai a ce ai waɗancan jajayen na mai fito ne. Baballe ya ci gaba da fitonsa har gemunsa ya yi fari. In ya hango garken a mashaya ya kan tsayar da gora ya nuna wa fasinja shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ko da yake sau da yawa na wani yake nunawa, sai Gidaɗo ya ɗaga sanda daga gaɓa ya gyara masa.